Me za mu kira Brittonic da Hausa?

Jama'a, ku zo mu yanke wata kalma. Ina rubutu ne kan sarakunan da suka riƙe tsibirin Man, da ke tsakanin Ingila da Ireland, kafin maharan Viking daga arewacin Turai su mamaye shi a ƙarni na 9, sai kalmar Brittonic, sunan da Turawa ke ba waɗannan sarakuna da harshensu, ta tsaya mini a maƙogwaro.

Da farko na rubuta “sarakunan Birtaniya”, na karanta wa ƙanena. Ya ce, “Yaya, wato su Lugga ke nan?” Nan take na goge. A kunnen Bahaushe, Birtaniya ita ce ta Turawan mulkin mallaka, alhali waɗannan mutane ba Ingilishi ba ne. Harshensu ɗan ɗaki ɗaya ne da na mutanen Wales, da na Cornwall, da na Brittany ta Faransa. Ingilishin ma baƙi ne a wurinsu: Edwin, sarkin Northumbria ta arewacin Ingila, wanda aka kashe a 633, da ƙarfin yaƙi ya shimfiɗa ikonsa har tsibirin.

Ku dubi Gwriad. A Maughold, can gabashin tsibirin, akwai dutse mai zanen gicciye da aka sassaƙa wa “Crux Guriat”, wato gicciyen Guriat, wata hanyar rubuta sunan Gwriad. Masana da dama suna ganin shi ne mahaifin Merfyn Frych, wanda ya hau gadon sarautar Gwynedd a arewacin Wales wajen 825, ya kuma haifi shahararren sarkin Wales, Rhodri Mawr. To ta yaya zan kira irin wannan mutum “ɗan Birtaniya” ban ɓatar da mai karatu ba?

Wani malami ya ce in sa “Birtanawan dauri”. Allah ya gafarta malam, kalmar da daɗi, amma tana nuna kamar su ne kakannin Ingilishi na yau, kuma ba ta ba mu sunan harshe.

Turawan ma sun sha wannan rikici. Shi ya sa a 1879 masani John Rhys ya ƙirƙiro Brythonic, mai ma'ana ɗaya da Brittonic, daga Brython, sunan da mutanen Wales ke kiran waɗannan mutane. Ni ma can na koma: Biritonawa. Namiji Babiritone, mace Babiritoniya, harshe Biritonanci, kamar dai Bakatsine da Katsinanci. Ku faɗa da ƙarfi ku ji, ba ta sarƙe harshe.

An ce za ta ruɗe da mutanen Brittany. Ban damu ba, ai su ma Biritonawa ne da suka ƙetare teku.

Sai dai wata sabuwa ta ɓullo. “Tsibirin Man”, wata ’yar'uwa ta tambaya, man gyaɗa ko man fetur? Gaskiyarta. Mutanen Wales Manaw suke ce masa, don haka a rubutuna na sa “sarakunan Biritonawa na tsibirin Manau”. Mai gyara ya kawo kafin Juma'a, ranar zan miƙa.