Giyata ta tsaya a 1.024 ta ƙi sauka, wa ya taɓa gamuwa da wannan?

Ɗan Rayfield:
Jama'a barkanmu da sanyi. Dan Allah a taimaka min, abin nan ya hana ni barci. Na dafa lita 20, tsiron sha'ir kilo 3 da aka kawo min daga Legas na haɗa da tsiron jar dawa kilo 2 da na shanya da hannuna. Kafin in zuba yis na auna da haidiromita (gilashin da ake tsomawa a auna yawan sukarin da ke cikin ruwan, lambar tana sauka yayin da yis ke cinye shi) ta ba ni 1.050, na sa yis mai suna US-05 leda ɗaya. Kwana ukun farko kam robar fitar iska daga jarkar da na tsoma a kwalbar ruwa sai ɓulɓul take har cikin dare ina ji, daga nan tsit. Yau kwana 12, na auna sau uku 1.024 ko motsi, alhali ni 1.012 nake jira. Na ɗanɗana akwai zaƙi-zaƙi da nauyi a baki kamar kunu. Kirsimeti saura kwana goma kuma na riga na yi wa surukaina alkawari, in zuba a kwalba haka ko yaya?

Mai Jarka na Bukuru:
Ɗan'uwa kar ka kuskura. Bara a watan Janairu tawa ta tsaya a 1.022 na ce ai ta gama, na ƙara sukari na rufe kwalba 30 na jera a ƙarƙashin gado. Da zafi ya fara shigowa ƙarshen Fabrairu yis ɗin ya farka ya ci gaba da cin sukarin da ya rage, iskar ba ta da hanyar fita, wani dare muka ji tas kamar an harba bindiga, kafin gari ya waye guda 7 sun fashe. Gilashi har cikin takalmin makarantar ɗiyata na tsinto, har yau in na tuna gabana faɗuwa yake. Sauran da tawul da safar hannu na kwashe su waje. Gara surukai su jira.

Injiniya, Kubwa:
Kafin a ɗora wa yis laifi, da me ka auna? Na tambaya ne don ni na ɓata sati biyu ina fama da giyar da lafiyarta ƙalau. Rifiraktomita nake amfani da ita, wadda ake ɗiga ɗigo a leƙa ta ido, tana da kyau kafin a sa yis amma da zarar barasa ta samu sai ta karkatar da hasken lambar ta fito sama da gaskiya. Ta nuna min wajen 1.025, da na ari haidiromita ashe 1.010 ce. In ma haidiromitar ce tsoma ta a ruwa zalla tukuna ka ga ko za ta ba ka 1.000, takardar cikin gilashin takan zame. Sannan ka murza ta da yatsa kumfar da ta manne ta saki, don kumfar ɗaga ta take yi. Yawancinsu a digiri 20 aka saita, mu nan Abuja in giyar tana digiri 30 sai mun ƙara kusan 0.002 a kan abin da muka gani.

Ɗan Rayfield:
Yallabai haidiromita ce, na gwada a ruwa yanzun nan 1.000 daidai, na murza na sake aunawa 1.024 dai.

Mama ta Tudun Wada:
Ɗana ni ban san lambobinku ba, harshena nake aunawa da shi, amma na girma a gindin tukunyar burukutu. A ina ka ajiye jarkar? In a kan siminti take a ɗakin da rana ba ta shiga to sanyi ne ya kwantar da ita. Hunturun Jos ba wasa ba, mu ma daga Disamba zuwa Janairu randa takan yi nauyin tashi, sai mun matso da ita kusa da murhu mun naɗe ta da buhu. Na biyu kuma dawa ba ta son gaggawa. Mu in mun jiƙa garin tsiro ya kwanta, ruwan saman nan garai-garai kwashe shi muke mu ajiye gefe, mu dafa mai kaurin har ya nuna sosai, ya ɗan huce sannan mu mayar da ruwan. Wanda ya dafa duka lokaci ɗaya kunu zai samu.

Malamin kimiyya, Vom:
Mama kin gama magana, abin da kuke yi da ruwan saman nan shi ne dai-dai a kimiyyance. Ruwan shi ke ɗauke da sinadaran tsiro masu farfasa sitaci ya zama sukari, kuma zafi mai yawa kashe su yake. Matsalar dawa ita ce sitacinta ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 70, shi kuwa sinadarin da ke ba da sukarin da yis ke iya ci (beta-amilas) wajen 62 zuwa 65 yake aiki, ya wuce 70 ya mutu, ga shi dama kaɗan ne a tsiron dawa in aka gwada da sha'ir. Shi ya sa da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988 kamfanonin giya suka koma dawa, sai da suka riƙa ƙara sinadaran daga waje. To ƙanina naka biyu ne, ko yis ya kwanta saboda sanyi ko kuma abin da ya rage irin sukarin da yis ba ya iya ci ne, kuma lambar kaɗai ba za ta gaya maka wanne ba ne. Ɗebi kamar kofi biyu a kwalba mai tsabta, zuba yis da yawa ko na burodi ne, ɗora marfi sako-sako kar ka ɗaure, ajiye inda ke da ɗumi kwana biyu zuwa uku ka auna. In ta sauka yis ne, akwai gyara. In ta tsaya a 1.024 daga jiƙo matsalar take, ta gama kenan, lissafinta 1.050 a cire 1.024 saura 0.026, sau 131 wajen kashi 3.4 na barasa, za ta shawu sai dai nauyi. Gaba in kana jiƙo ɗiga aidin a cokali ɗaya na ruwan, in ya yi baƙi-shuɗi da sauran sitaci.

'Yar Lugbe:
Ni tawa akasin taku ce, a zafin Maris ba wuta ba firji, cikin kwana huɗu ta faɗi 1.002, ba jiki sai tsami da wari kamar na man goge farce. Sukari na zuba da yawa kuma bokitin da na saba jiƙa gero ne, ina ga wani abu ya shiga. Lamba ƙasa sosai ma ba abin murna ba ce.

Ɗan Rayfield:
Na dawo da labari. Mama gaskiyarki, a sito take kan siminti, na bar ma'aunin zafi jikin jarkar na duba da asuba digiri 13, yis ɗin kuwa 18 zuwa sama yake so. Na yi gwajin malam, kwalbar na ajiye ta saman firji ta baya inda ɗumi ke fita, kwana uku ta sauka 1.013. Sai na ɗauko jarkar na ɗora kan katako a kicin, na naɗe da bargo, na jujjuya ta a hankali ba tare da na buɗe ba don yis ɗin da ya kwanta a gindi ya tashi, dare kuma in cusa gorar ruwan ɗumi biyu cikin bargon. Washegari da yamma ɓulɓul ta dawo. Shekaranjiya 1.018, yau 1.015, zaƙin ya ragu sosai. Na kira surukina na ce masa sai bayan sabuwar shekara, ba zan rufe kwalba ba sai na ga lamba ɗaya kwana uku a jere. Mama in zan sake dafa dawar zan zo Tudun Wada in ga yadda kike kwashe ruwan saman nan da idona, in kin ba ni dama.

Mama ta Tudun Wada:
Ka zo ranar Talata da sassafe kafin in hura wuta, ka taho da tsironka in gani, ina zargin bai fito sosai ba ka shanya.