Neman kalmar Hausa: idan "riot" tarzoma ce, mece ce "uprising"?

Mai Fassara: Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina fassara wani rubutu don shirin rediyo da za mu naɗa jibi da safe, a kan abin da ke haddasa tashin hankali a manyan birane da yadda shugabanni ke tunkararsa. Marubucin ya raba kalmomi biyu da gangan. Abin da ya faru a birnin Los Angeles na Amurka a 1992, bayan an wanke 'yan sandan da aka ɗauka a bidiyo suna dukan wani baƙar fata mai suna Rodney King, hukuma ta kira shi "riot", amma da yawa daga mazauna unguwannin suna cewa "uprising". Ta farkon tarzoma ce, ba gardama. Ta biyun ce ta gagare ni, kuma idan na haɗe su a kalma ɗaya, hujjar marubucin ta rushe.

Ɗan Jarida: Wa alaikumus salam, Malam. Bore. Wanda ya yi tarzoma ya ɓarnata dukiya ne, wanda ya yi bore kuwa ya ƙi yarda da wani abu da ake yi masa, kuma duk Bahaushe zai ji wannan bambancin ba tare da an yi masa bayani ba.

Malamar Hausa: Na goyi bayan bore, kuma ina roƙon kada kowa ya kawo tawaye. Tawaye yana da jagora da makami da niyyar ƙwace mulki ko ɓallewa. Ko a rikicin birnin Detroit na Amurka a 1967, inda mutum 43 suka mutu har aka turo sojojin tarayya, babu wanda ya nemi kujerar mulki. Zanga-zanga kuma ta yi sauƙi, domin ita ana shirya ta ne, a sa mata rana.

Tsohon Malami: 'Ya'yana, bore bai isa ba. Yaro ma yana yi wa iyayensa bore, don haka kalmar tana ɗauke da ƙamshin taurin kai, alhali maganar da ake yi ta mutanen da aka daɗe ana dannewa ce. Na jima ina amfani da "tumbatsar fushi". Kogi ba ya tumbatsa saboda ruwan dare ɗaya, sai ya daɗe yana cika. Haka kwamitin Kerner da Shugaban Amurka Lyndon Johnson ya kafa a 1967 don binciken musabbabin rikice-rikicen biranen ƙasar ya gano: kamun ɗan sanda ko harbi guda shi ne ashanar, amma busasshiyar ciyawar ita ce wariyar launin fata da rashin aikin yi da lalatattun gidaje. Rahoton da ya fito a 1968 ya ce Amurka na neman rabuwa gida biyu, baƙar fata da farar fata, ba kuma daidai ba. Johnson ya kau da kai daga shawarwarin, a shekarar kuma Richard Nixon ya ci zaɓe da alkawarin tabbatar da doka da oda. Wace kalma ce ta kama duk wannan in ba tumbatsa ba?

Ɗan Jarida: Baba, da girmamawa, wannan bayani ne, ba suna ba. Yaya za mu kira waɗanda suka yi? 'Yan tumbatsar fushi? Mai sauraro ba shi da damar komawa baya ya sake karantawa.

Tsohon Malami: Wannan hujjar ce ta sa gidajen rediyo suka takaita Hausa a kalmomi 'yan kaɗan, komai ya faru sai a ce rikici. Dokar ta-ɓaci ma wani ne ya ƙirƙiro ta, da farko baƙuwa ce a kunne, yau kowa ya san ta. Idan mu ba mu yi wa harshenmu sabon gini ba, wa zai yi?

Ɗan Jarida: Amma a bakin masu karanta labarai ta zauna, Baba, ba a cikin ƙamus ba. Bai dace a riƙa ɗaukar masu aikin rediyo kamar ba su san Hausa ba.

Malamar Hausa: Mu koma kan aikin Malam, lokaci na tafiya. Matsalar tumbatsar fushi ba tsawonta kaɗai ba ne, ta yanke hukunci tun kafin a saurari kowa, kuma wannan shi ne ainihin abin da 'yan siyasa ke yi ta ɗaya ɓangaren. Da wuta ta tashi a unguwar Tottenham ta birnin London a watan Agustan 2011 bayan 'yan sanda sun harbe wani mutum mai suna Mark Duggan har lahira, Firayim Ministan Birtaniya na lokacin, David Cameron, cewa ya yi tsagwaron aikata laifi ne. A Faransa a 2005, bayan wutar lantarki ta kashe matasa biyu da suka ɓuya daga 'yan sanda a Clichy-sous-Bois da ke wajen birnin Paris, rikici ya ɓarke, har gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci da wata doka ta 1955, wadda aka yi lokacin yaƙin Aljeriya. Sunan da shugaba ya zaɓa shi ke nuna maganin da zai kawo: idan ya ce ɓata-gari ne, sai kurkuku da dokar hana fita; idan ya yarda akwai koke, dole ya yi maganar aiki da gidaje da halin 'yan sanda, kamar yadda rahoton alƙali Lord Scarman ya yi bayan rikicin unguwar Brixton ta London a 1981. Aikin mai fassara shi ne ya bar wa kowa kalmarsa a bakinsa.

Mai Fassara: Na gode ƙwarai. Zan sa tarzoma inda hukuma ke magana, bore kuma inda mazauna unguwa ke magana. Baba, zan ari tumbatsar fushi sau ɗaya, a wurin da marubucin ke bayanin yadda ɓacin rai ke taruwa shekara da shekaru. Saura "unrest", wadda na bar ta a zaman ɗar-ɗar, ko da yake ban gamsu ba.

Tsohon Malami: To, sau ɗaya ya fi babu. Amma har yanzu ina ganin bore ya yi wa abin da ya ci rayuka fiye da 60 a Los Angeles ƙanƙanta. Zaman ɗar-ɗar kuwa tsoro ne kafin abu ya faru, ba abin da kansa ba. Ka sake duba ta kafin jibi.