Placebo: wane suna za mu raɗa masa da Hausa?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina fassara wani bayani kan gwajin maganin jarabar hodar iblis a Amurka, sai kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: placebo.

Ga inda take shigowa. Har yau hukumar FDA, mai kula da abinci da magunguna a Amurka, ba ta amince da ko magani ɗaya na raba mutum da hodar iblis ba, alhali masu jarabar heroin suna da methadone da buprenorphine. An gwada disulfiram, wanda tun 1951 ake ba mashaya giya a can, an gwada modafinil da topiramate, har da allurar rigakafi mai suna TA-CD. A irin wannan gwaji, kashi biyu ake raba mutane. Wasu su sha maganin gaske, wasu su sha ƙwaya mai kama da shi sak, launi da girma, amma ba komai a cikinta. Mai sha bai san wacce aka ba shi ba, likitan ma haka. Sai a riƙa awon fitsarinsu a ga su wa suka rage shaƙa. Wannan ƙwaya ta biyu nake nema wa suna.

Wani ɗan uwa ya ce maganin bogi. Malam, ban yarda ba. Bogi da jabu sunan abin da NAFDAC ke kamawa a kasuwa ne, na macuta. Wannan kuwa da sanin mutum ake yi, sai ya sa hannu cewa ya yarda ƙila ita za ta faɗo masa. Ka ce masa bogi za a ba shi, ai ba za ka sake ganin ƙeyarsa ba.

Wata Hajiya ta kawo maganin rarrashi. Ta kusa da asali, don a Latin ma'anar kalmar ita ce zan faranta rai. Sai dai masu bincike ba rarrashi suke yi ba, ma'auni suke nema. Mai jaraba da ke zuwa asibiti sau biyu ko uku a mako, ana sauraronsa, ana duba shi, yana iya rage sha ko da garin sitaci ya haɗiya. Dole magani ya wuce wannan kafin a ce yana aiki.

Holoƙo ya burge ni, hadarin kaka mai iska ba ruwa, amma ya fi dacewa da waƙa.

Ni dai na tsaya a kan fanko, kamar fankon ashana: kwali na nan, ciki wayam. Fankon ƙwaya, fankon allura. Na gwada shi a jimla: a gwajin da aka buga a 2014, waɗanda aka yi wa TA-CD ba su fi 'yan fankon allura samun fitsari mai tsabta ba. Ya zauna daram. Masu aikin asibiti, in kuna da wadda kuka saba faɗa wa marasa lafiya, ku kawo kafin in miƙa aikin ranar Litinin.