Bariyabul ɗina yana canzawa shi kaɗai: in biya a gyara ko in koyi GDB?

Ɗan Hotoro: Salamu alaikum 'yan uwa. Da yaren C na rubuta firojet ɗina, lissafin kayan kemis ne. Bariyabul ɗin `jimla` (inda kod ɗin ke ajiye jimlar lissafin) lafiya lau yake har a shigar da kaya na 11, sai ya koma wata lamba daban, alhali babu layin da ke taɓa shi a nan. Na cika kod ɗin da `printf` don ya riƙa nuna min lambar, ban gano komai ba. Wani ya ce in kawo dubu 15 ya gyara. Saura sati biyu in kare firojet. In biya ko in koyi GDB, manhajar nan ta bin diddigin kuskure a kod?

Yar Zazzau: Wa alaikumus salam. Ni a Python nake, `display jimla` kawai nake bugawa a pdb (irin GDB ɗin Python), duk inda ya tsaya ya nuna min in ta canza.

Bakatsine: Kada ka biya kowa! Bara na ba wani dubu 25. Bai nemo inda ɓarnar take ba, sai ya sa kod ɗin ya riƙa sake lissafin jimla kafin ya nuna ta. A gaban malamai aka shigar da kaya da yawa, manhajar ta mutu gaba ɗaya. Aka ce in yi bayani, ban san me ya rubuta ba. Na kira shi, waya a kashe. Wallahi har yau abin yana ci min rai.

Na Gwale: Dubu 25? An cuce ka. Dubu biyar ake yi.

Bakatsine: Biyar ɗin a ina? Ko kati ba za ta saya masa ba.

Injiniya: Ƙanena, kaya na 11 ka ce? Duba ko jerin da kake ajiye kayan a ciki gurbi 10 ka ba shi. C ba ta hana ka rubutu a wajen jeri, sai ya faɗa kan maƙwabcinsa a memori. Shi ya sa `printf` bai taimaka ba, ba da sunan `jimla` ake ɓata ta ba. Haɗa kod ɗin da `gcc -g`, ka buɗe shi a GDB, ka tsaya a `main`, ka buga `watch -l jimla`, sannan `continue`. GDB zai tsaya daidai inda aka canza ta, ya nuna tsohuwar lamba da sabuwa. Kada ka wuce `watch` guda huɗu, iyakar abin da firosesa irin x86 ke iya gadi ke nan.

Na Gwale: Ko dai a yi wa kwamfutar ruƙiyya 😂

Yar Zazzau: Ai akwatin Watch na VS Code, manhajar rubuta kod, ma ya isa.

Injiniya: Hajiya, wannan sai ka tsaya yake nuna maka lamba, ba ya tsayar da kai.

Na Gwale: Injiniya, a Linux kake. Yaron nan Windows gare shi, sa GDB ɗin ma aiki ne.

Injiniya: Ya faɗa maka Windows gare shi?

Bakatsine: Ni abin da ke damuna, shekara huɗu babu malamin da ya taɓa buɗe mana GDB. A takarda muke rubuta kod ranar jarrabawa.

Yar Zazzau: Mu ɗakin kwamfutarmu kullum a kulle, wai babu man janareta. Amma kuɗinsa ana karɓa duk zango.

Ɗan Hotoro: Yaya Injiniya, gurbi 10 ne kuwa. In mayar da shi 100 kawai?

Bakatsine: Ku nawa ake karɓa a wajenku?