Idan mota ta yi zafi: abin da bakanikai da direbobi suka ce

Maganar ta taso ne a wani gareji a Sabon Garin Zariya, inda aka taru ana hira kan yadda motoci ke tafasa a cunkoson Kwangila lokacin bazara. Kowa ya yarda da abu ɗaya: da allurar zafi ta haura, a gangara gefe a kashe injin, kuma kada a taɓa murfin lagireto.

Nan aka fi daɗewa. Ruwan ciki a matse yake, yana wuce digiri 100 bai tafasa ba, ana buɗewa sai ya yi tsiri ya sale fuska da hannu. A jira aƙalla minti 30. Wani dattijon bakanike ya ce a matsa babban tiyon sama, in har yana da tauri da zafi, a ƙara haƙuri. In ya huce, a ɗora tsumma mai kauri, a murɗa kaɗan har hucin ya gama fita.

Zuba ruwan sanyi a inji mai zafi yana iya tsaga kan injin. Ruwan rijiya ko na burtsatse kuwa yana barin tsatsa da datti, kada a zuba shi sai dai in lalura ce. Kulan, wato ruwan musamman na sanyaya inji, ya fi, a zuba tsakanin alamun MIN da MAX da ke jikin robar ruwan.

An yi gardama kan cire tamostat, wato na'urar da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto idan inji ya ɗauki zafi. Ni dai ina bayan masu cewa a bar shi. Kulan guba ne mai zaƙi, don Allah a nisanta shi da yara da dabbobi. In ruwan yana yawan raguwa, a nemo inda yake yoyo.