Neman kalma: me za mu kira sanitaizeshan da bai kai ba?

Mai Darasi: Assalamu alaikum. Gobe da safe ina da darasi kan ɓarakar tsaro da ke samuwa idan manhaja ta duba abin da aka shigar mata amma dubawar ba ta kai ba. Na sa "tacewa" a wurin balideshan da sanitaizeshan duka, bai zauna mini ba.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Raba su. Na farko tantancewa ne: a gwada da ƙa'ida, in bai dace ba a ƙi shi dungurungum. Na biyu tacewa: a cire mugun a karɓi sauran, kuma nan ɓarakar ta fi yawa. Misali, manhaja ta goge ../ (alamar fita zuwa foldar da ke sama) sau ɗaya, mahari ya aiko ....// sai a cire na tsakiya, ragowar ta haɗe ta koma ../ ya fice daga folda ya karanta /etc/passwd, fayil mai ɗauke da sunayen masu amfani da kwamfutar.

Baba Dattijo: Ruwa ake tacewa, ɗana. Rubutu tankaɗe shi ake yi, kamar gari a rariya. Ku ce "tankaɗen ganganci".

Hajiya Mai Lambobi: Baba, ba kullum ganganci ba ne. Dubi Apache, manhajar da ke gudanar da shafukan intanet, sigar 2.4.49 a Oktoban 2021: an ɓoye ɗigon da ke cikin ../ a matsayin %2e ya wuce. Aka gyara a 2.4.50, sai aka ɓoye shi ninki biyu, %%32%65, ya sake wucewa, sai 2.4.51 ta toshe. Laifin na tsarin aiki ne: dole a warware rubutun zuwa asalinsa tukuna, sannan a duba. Ni "gurguwar tacewa" na zaɓa.

Baba Dattijo: Kuna gudun tankaɗe don ƙauyanci, amma kun rungumi "manhaja" da "folda". Wanne ne Hausa a ciki?

Injiniya: Allah ya huci zuciyarka, Baba, har "darasi" da "harafi" aro ne.

Ɗan Damagaram: Kuma duk abin da Kano ta yanke shi ne Hausa ke nan? Mu ma a tambaye mu.

Hajiya Mai Lambobi: An tambaye ka yanzu, kawo taka.

Ɗan Damagaram: Tacewar ta yi. Ƙorafi kawai nake.

Mai Darasi: To, na ɗauki tantancewa, tacewa, da gurguwar tacewa. Jerin abin da aka hana da jerin abin da aka yarda da shi zan faɗe su haka nan.

Injiniya: Ka jaddada musu cewa jerin yarda ya fi, domin jerin hani kullum sai an manta wani abu. A SQL kuma, wato harshen ba rumbun bayanai umarni, tacewa ba ta wadatarwa, sai an tura umarni daban, bayanai daban. Wannan ma ba mu da sunansa.

Baba Dattijo: Ku je da gurguwar taku. Ni a ajina tankaɗe zan ce.