Neman shawara a kan babur ɗin mahaifinmu, Honda CD175

Ɗan Malam: Assalamu alaikum. Ina neman shawarar dattawa da masana a kan wani lamari da ya hana ni barci kusan mako biyu. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, malamin firamare ne, kuma ya sayi Honda CD175 a shekarar 1975 da ariyas ɗin Udoji, wato bashin ƙarin albashin da gwamnati ta biya ma'aikata, lokacin da ma'aikata da yawa suka sayi babura da rediyo. A kan wannan babur ya yi koyarwa a ƙauyuka uku, a kansa yake kai mahaifiyarmu asibiti, ni kuma a kan tankinsa nake zama ranar Juma'a idan za mu masallaci, hannuwana biyu dafe da murfin mai. Ba ya yarda kowa ya wanke masa shi. Da tsohuwar singileti yake goge ƙarfen gefen tankin har sai ya ga fuskarsa a jiki. Ya ajiye shi a 2004 da gwiwarsa ta fara ciwo ya kasa buga kik, ya rasu a 2021 babur yana zaure lulluɓe da tabarma.

A watan jiya na ɗora shi a akori-kura na kai wa wani bakanike. Ya buɗe injin, ya ce fistin ɗaya ya kama saboda tsatsa, kayan kuma ba a samunsu yanzu. Shawararsa ita ce a sauke injin a ɗora na China mai silinda ɗaya, a kuma sauya ƙarfin wutar daga volt 6 zuwa 12. Na riga na ba shi kafin alƙalami. Ana cikin haka wani mutum ya ga babur ɗin a garejin ya taya, yayanmu ya ji labari ya ce a sayar. Ni burina in ji ƙarar injin nan ko sau ɗaya, domin tun daga bakin layi muke gane Malam ya dawo. Me ya kamata in yi?

Tsohon Bakanike: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Malam. Ɗana, gobe da sassafe ka je ka kwaso babur ɗinka, ka tafi da buhu ka tattara duk abin da aka kwance, har da kusoshi da washa. Na yi shekara 34 ina gyaran babura, kuma wannan injin na san shi ciki da bai. Silinda biyu ne, cc 174, giya huɗu, kabureta ɗaya, kuma fistin ɗinsa biyun tare suke hawa tare suke sauka, wanda shi ne asalin ƙarar da kake cewa kuna ganewa tun daga bakin layi. Injin China mai silinda ɗaya ba zai taɓa ba ka ita ba. Mazauninsa ma ba ɗaya ba ne, dole sai an yanke ƙarfe an yi walda, salansa ɗaya kuma ta zama ba ta da aiki. Fistin da ya kama ba mutuwar inji ba ce. Ana jiƙa shi da kananzir ko baƙin mai na kwanaki, a bubbuga shi a hankali da katako, idan ramin ya ci sai a faɗaɗa shi a sa fistin mai ɗan girma da sabbin zobba. Wanda ya ce maka ba a samun kaya, bai tashi nema ba ne.

Mai Besfa: Allah ya gafarta wa Malam. Maganar kwaso babur gaskiya ce, domin ni abin ya faru da ni. Vespa PX tawa na kai a duba mini wuta, ta yi wata uku a gareji, kullum sai a ce in dawo jibi. Ranar da na karɓo ta sai na ga an sauya mini kabureta da murfin gefe da na kwaikwayo, tayar safiyar da ke jikinta ma ba tawa ba ce. Na kai ƙara wurin shugaban masu gyara na layin, aka ce in kawo shaida, alhali ban ɗauki hoto ba. Har yau idan na tuna raina yana ɓaci, domin a kanta na kai lefen aurena.

Uwar Gida: Allah ya kai haske kabarinsa. Malam, akwai abin da ba ka faɗa ba, kuma shi ne gaba da komai: an raba gadon kuwa? Idan ba a raba ba, babur ɗin nan na dukkan magada ne, mahaifiyarku tana da tumuninta a ciki, 'yan'uwanka mata su ma suna da nasu kason. Mu da mahaifinmu ya rasu, yayyenmu maza suka sayar da keken ɗinkinsa da akwatin littattafansa ba tare da sun tuntuɓe mu ba, sai a bakin maƙwabta muka ji. Ba kuɗin ne ya dame ni ba, rashin shawarar ne.

Ɗan Malam: Na gode, Baba, na gode, Hajiya. Maganar gado ba ita ce matsalar ba, domin tun rasuwar mahaifinmu babur ɗin yana zaure babu wanda ya ko kaɗe masa ƙura sai ni. Bakaniken kuma ba baƙo ba ne, shi ke duba mini babur ɗin da nake zuwa aiki da shi tun 2016, bai taɓa cutata ba. Idan na je da buhu zai ɗauka na zarge shi da sata.

Mai Ƙera Babura: Da girmamawa ga Baba, ni ina da wani ra'ayi dabam. Na sha gyara tsofaffin babura ina sauya musu fasali, kuma na ga yadda wutar 6 take wahalar da mutane: fitila ba haske, batirin da ƙwan fitilar sai an sha yawo kafin a samu, kwantak kuma kullum sai an daidaita shi. Idan Ɗan Malam yana so ya riƙa hawa ne, ya bari a ɗora sabon injin, ya zuba wa tsohon mai ya naɗe shi ya ajiye a ɗaki. Duk ranar da kayan suka samu sai a mayar. Babur ɗin da ke tafiya ya fi wanda aka kwance aka watsa a kwali.

Tsohon Bakanike: Wannan shawara ce ta kashe babur. Ƙarfen da aka yanke aka yi wa walda ba ya komawa yadda kamfani ya yi shi, kuma a duk shekarun da na yi ban taɓa ganin injin da aka ajiye a ɗaki ya koma mazauninsa ba, ƙarshensa 'yan gwangwan ne suke auna shi a sikeli. Wutar 6 ba ta da laifi idan waya da ƙasa suna da tsabta. Honda ta ƙera wannan samfuri daga 1967 zuwa 1979, an sayar da shi da yawa a Ingila da ƙasashen Asiya, saboda haka fistin da zobe da gaskit da kwantak duk ana sayo su ta intanet. Kafin nan ma a leƙa Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano, a kuma tambayi 'yan kasuwar da ke sayo kaya daga Nnewi. Abin da ya fi fistin muhimmanci, ɗana, shi ne kan injin. Sandar da ke buɗe bawul a kan alminiyon take juyawa, idan baƙin mai ya yi datti nan yake fara ci. Ka sa a buɗe matacin man da ke gefen dama, wanda yake juyawa tare da injin, a kankare laka a gabanka. Ina da tabbacin bakanikenka bai ko ambaci wannan ba. Wanda ya taya kuwa ya san darajar abin da ya gani, kada ka saurare shi.

Uwar Gida: Malam, kaɗe ƙura ba ya mai da kayan gado na mutum ɗaya. Ka samu malamin da ya san rabon gado a yi wa babur ɗin kuɗi, ka biya sauran kasonsu, sannan ka yi yadda kake so da shi. Ka tambayi mahaifiyarku ra'ayinta kuwa?

Mai Besfa: Takardun fa? Rasit da tsohuwar lambar suna nan? Ka duba lambar inji da ta jiki ka ɗauki hotonsu yau ɗin nan.

Ɗan Malam: Takardun ina jin suna cikin jakar Malam, wadda take hannun yayanmu, kuma a halin da ake ciki ba zan iya tambayarsa ba. Mahaifiyarmu ba ta da lafiya sosai, ba na so in ɗaga mata hankali da wannan magana. Baba, na ji bayaninka kuma ya shiga raina, sai dai bakaniken ya kira ni da yamman nan ya ce ya riga ya sayo injin da kuɗin da na ba shi, mai shagon kuma ba ya karɓar kayan da aka fitar. Ya yi mini alkawarin ba zai yanke komai ba sai na zo ranar Asabar. Mai tayin shi ma ya ce zai dawo ranar. Idan an jiƙa fistin ɗin daga gobe, zai iya sakewa kafin Asabar?